YADDA ZA KA ƘARA TSALLE HAR KA YI DONK, BA TARE DA KA KASHE GWIWARKA BA

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Ina gaida 'yan ƙwallon kwando na Kano, Kaduna, Zariya da Jos, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suke bibiyar shirin nan. Yau taku ce ta samu. 'Yan ƙwallon raga da masu tsaron gida ma ku matso kusa, don maganar ta shafe ku.

Cikin saƙonnin da kuke turo mana, tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa: yaya zan ƙara tsalle in yi donk? Ga wanda bai sani ba, donk shi ne ɗan wasa ya tashi sama da ƙwallo a hannu, ya wuce bakin kwando, ya danna ta ciki da ƙarfi. Wani ya ce wata shida ke nan kullum sai ya yi tsalle 200 da safe, amma har yau ragar kwandon kawai yake taɓawa, ga gwiwa ta fara ciwo. Wani kuma ya ce ya ga talla a intanet, wai a biya kuɗi a ƙara masa santimita 30 cikin mako biyu.

To bari in fara da amsar a dunƙule, sannan mu warware ta. Yawan tsalle ba shi ke ƙara tsalle ba. Abin da ke ɗaga mutum sama abu uku ne: ƙarfin ƙafa, saurin fitar da ƙarfin nan, da iya takun da ake yi kafin a tashi. Sai na huɗu da yake tsare ukun, wato iya sauka da samun hutu. Wanda ya bi su a jere zai ga canji. Wanda ya tsallake layi, gwiwarsa ce za ta biya.

Mu fara da lissafi, don yawancinmu ba mu ma san nawa muke nema ba.

Bakin kwando yana nesa da ƙasa da ƙafa 10, wato santimita 305. Tun 1891 haka yake, lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na Amurka, ya kafa kwandunan 'ya'yan itace a jikin baranda, aka yi dace tsayin barandar ƙafa 10 ne. Amma fa ku lura, ba kowane kwandon unguwa ne ya cika wannan awo ba. Wani mai walda ne ya kafa shi da ƙiyasi. Saboda haka ka ari tef ɗin tela ko na magina ka auna na filinku, kada ka je gasa a wani gari ka tarar kwandon ya ƙara tsawo.

Awo na biyu, kai kanka. Ka samu bango mai tsayi, ka shafa alli ko gawayi a yatsunka, ka tsaya da takalminka, ƙafa a shimfiɗe, ka miƙa hannu ɗaya iya miƙuwa ka taɓa bangon. Wannan shi ne miƙonka. Sai ka yi tsalle daga tsaye ka sake taɓawa. Tazarar da ke tsakanin shaidar farko da ta biyu, ita ce tsallenka. Wannan gwajin ba sabo ba ne, wani likita a Jami'ar Harvard mai suna Dudley Sargent ne ya fito da shi a 1921, kuma har gobe da shi ake amfani. Ka yi sau uku ka ɗauki mafi girma. Sannan ka sake yi da gudu, a jikin allon kwando.

Yanzu ga lissafin. Taɓa ƙarfen kwando ba donk ba ne, hangen Dala ba shiga birni ba. Kafin ka danna ƙwallo ciki, sai hannunka ya wuce ƙarfen da kamar santimita 15, wato ka kai wajen 320. Ka cire miƙonka daga 320, abin da ya rage shi ne bashin da ake bin ka. Misali mai tsayin santimita 180, miƙonsa yakan kai wajen 238. To yana buƙatar tsallen santimita 82. Idan yanzu 70 yake yi da gudu, saura 12, wannan aikin watanni ne. Idan 50 yake yi, saura 32, wannan kuma tafiya ce ta shekaru, kuma gara ya san haka tun yau.

Na san wani zai ce ai gajeru ma sun yi. Gaskiya ne. A 1986 Spud Webb, wanda tsayinsa bai wuce santimita 170 ba, ya lashe gasar donk ta NBA, ya doke abokin wasansa Dominique Wilkins. Nate Robinson mai santimita 175 ya lashe ta sau uku, 2006 da 2009 da 2010, har a ta farkon ya tsallake kan Spud Webb ɗin. Mac McClung ya ci uku a jere daga 2023 zuwa 2025. Waɗannan sun nuna abin yana yiwuwa. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, akwai baiwa a ciki. Wasu an halicce su da tsoka mai saurin harbawa fiye da wasu. Kuma ko a can, tsalle yana da iyaka. A gwajin da NBA take yi wa sabbin 'yan wasa, Keon Johnson ya kafa tarihi a 2021 da inci 48, wato kusan santimita 122. Don haka idan wani a TikTok ya ce maka yana tsallen mita ɗaya da rabi, ka ce ya kawo tef. Kowa zai iya ƙara nasa tsallen. Ba kowa ne zai yi donk ba. Duka biyun gaskiya ne.

To mene ne yake ɗaga jiki?

Da zarar ƙafarka ta bar ƙasa, aikinka ya ƙare. Babu abin da za ka yi a iska ya ƙara maka tsawo. Saurin da ka bar ƙasa da shi, shi kaɗai yake yanke inda za ka kai. Kuma ga wani abin daɗi a lissafin: idan ka ƙara saurin tashinka da kashi 10 cikin 100, tsayin tsallenka zai ƙaru da kashi 21. Ƙaramin canji a ƙasa, babban canji a sama.

Maganar tsayawa a iska da ake yi wa su Michael Jordan kuwa, ido ne yake ruɗuwa. Ko mai tsallen mita ɗaya cif, bai cika sakan ɗaya a sama ba, kusan 0.9 yake yi. Abin da ya sa kake ganin kamar ya rataye shi ne, kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin nan a rabin sama na tsallen yake cinye shi, don a can ne jiki yake tafiya a hankali.

Injin da yake ba da wannan saurin kuwa, daga ƙugu yake farawa. Tsokar ɗuwawu da ta cinya su ne manyan ma'aikata, sai ta sharaɓa ta ƙarasa aikin a ƙarshe. Shi ya sa wanda yake ɗage kawai sau 500 kullum yana gina sharaɓa ba ya ganin wani canjin kirki, ya bar jaki yana dukan taiki. Bayan tsoka akwai jijiyoyi, musamman agara, wadda ta haɗa sharaɓa da dunduniya. Ita kamar danƙon harbin tsuntsu take. Ka ja ka saki nan take, dutse ya tafi. Ku gwada wannan yanzu: ka tsuguna rabi, ka tsaya sakan uku, sannan ka yi tsalle. Sai ka sake, amma wannan karon ka nutsa ka tashi nan take ba tsayawa. Za ka ga na biyun ya fi. Wannan bambancin, ajiyar danƙon nan ce da kuma shirin da tsoka ta samu. Horon tsalle gabaɗayansa a kan abu biyun nan yake: ƙara wa injin ƙarfi, da koya wa danƙon saurin saki.

Mataki na farko ke nan, ƙarfi.

Ba wai girman cinya ake nema ba, ƙarfi ake nema gwargwadon nauyin jikinka, tunda jikin za ka ɗaga. Uban atisayen nan shi ne tsuguno da nauyi. Ka buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, dunduniya a ƙasa, baya a miƙe, ka sauka a hankali har cinya ta kwanta daidai da gwiwa ko ƙasa kaɗan, sannan ka taso da ƙarfi. Kociyoyi da yawa sukan sa ma'auni cewa mai son tsalle na gaske ya nemi ya iya tsuguno da nauyin jikinsa sau ɗaya da rabi. Mai kilo 70 ya nufi 105. Ba a wata ɗaya ake zuwa can ba, alƙibla ce kawai.

Wanda ba shi da kuɗin jim fa? Babu damuwa. Jarkar ruwa ta 'yan garuwa, mai lita 25, idan ta cika kilo 25 ce. Ka rungume ta a ƙirji ka yi tsuguno. Idan ta yi maka sauƙi, ka koma ƙafa ɗaya: ka ɗora ƙafar baya a kan benci, ta gaba a ƙasa, ka sauka ka taso. Wallahi wannan ko ba nauyi sai ka ji a jikinka. Sai hawa benci da ƙafa ɗaya riƙe da jarka. Sai na bayan cinya da ɗuwawu: ka riƙe nauyi a hannu, ka tura ƙugu baya kamar za ka rufe ƙofa da mazaunai, baya a miƙe, ka taso. Sai ɗage a bakin matattakala da ƙafa ɗaya, a sauka a hankali har dunduniya ta wuce bakin.

Kowanne ka yi sau 5 zuwa 8, ka huta minti biyu, ka maimaita zagaye uku ko huɗu. Ka zaɓi nauyin da idan ka gama kana jin saura guda biyu a jikinka. Idan ya zama wasa, ka ƙara kaɗan. Masu amfani da ƙarfen gida na siminti, don Allah ku auna ɓangarorin biyu, sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kuma kada ka shiga ƙarƙashin ƙarfe babu wanda zai tare maka.

Iyaye sukan ce ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo. Abin da likitocin wasanni suka tsaya a kai shi ne, horon ƙarfi da aka yi bisa ƙa'ida, da nauyi daidai kuma da mai lura, ba ya hana girma. Haɗarin yana wajen gasar wa ya fi wani ɗaga ƙato. Ɗan shekara 13 ko 14 ya fara da nauyin jikinsa, ya iya motsin tukuna.

Mataki na biyu, sauri.

Ƙarfi kaɗai bai isa ba, saboda lokacin da ƙafarka take a ƙasa kafin tashi kaɗan ne ƙwarai. Mai tashi da ƙafa ɗaya cikin gudu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan yake da shi. Ƙarfin da bai fito cikin wannan ɗan lokacin ba, ba shi da amfani a tsalle. Shi ya sa za ka ga ƙato mai ɗaga buhun siminti biyu amma ko raga ba ya taɓawa.

Horon da yake gyara wannan shi ake kira filayometrik. Asalinsa daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne, wajen wani masani Yuri Verkhoshansky, wanda yake sa 'yan wasansa su faɗo daga kan akwati, suna taɓa ƙasa su sake tashi sama nan take. Wani kocin Amurka, Fred Wilt, shi ya raɗa masa wannan sunan a 1975. Abin da ake mantawa shi ne, mutanen da Verkhoshansky yake horarwa ƙwararru ne da suka shekara suna gina ƙarfi. Yau kuma yaro ya ga bidiyo ya hau katangar makaranta ya diro kan siminti. Subhanallah.

Ga yadda jerin yake. Farko ka koyi sauka. Ka sauko daga kan benci gajere, santimita 30 ya isa, ka dira da ƙafa biyu ka tsaya cak sakan biyu. Gaban tafin ƙafa ya fara taɓawa, ƙugu ya koma baya, gwiwa ta lanƙwashe tana kallon inda yatsun ƙafa suke kallo. Idan gwiwoyinka suna karkata ciki kamar za su gaisa, ba ka shirya ba. Kuma saukar ta zama shiru. Idan na waje yana jin tim, gaɓoɓinka ne suke shan dukan.

Bayan wannan sai tsallen igiya, gajeru masu sauri, don agara ta saba. Sai tsalle da ƙafa ɗaya, gaba da gefe. Nan kam mu ba baƙi ba ne, duk wanda ya yi langa yana yaro ya riga ya san darasin. Sai tsalle zuwa kan benci mai ƙwari, ka hau da tsalle ka sauko da taku. Sai dogon tsalle daga tsaye. Sai gudun mita 20 ko 30 da iya ƙarfinka, don gudun tsere ɗan'uwan tsalle ne. Dirowa daga akwati a sake tashi shi ne na ƙarshe, bayan ka yi aƙalla wata biyu ko uku kana gina ƙarfi, kuma daga santimita 30 zuwa 45 za ka fara.

Ga ƙa'idar da nake so kowa ya rubuta. A horon tsalle, kowane tsalle ɗaya da iya ƙarfinka ake yin sa, kuma jiki a warware. Sau 3 zuwa 5, hutu minti biyu, zagaye uku ko huɗu. Da ka ga tsayin ya fara raguwa, ka tsaya, ka gama na yau. Ɗan'uwanmu mai tsalle 200 da safe, ga inda matsalar take: daga na ashirin zuwa sama jikinka ya gaji, duk sauran gajerun tsalle ne, to jikin gajeren tsalle yake koya. Juriya kake ginawa. Tsallen kwaɗo da ake ba mu horo da shi a makaranta ma haka ne, wahala ce zalla. Gumi da haki ba su ne shaidar an yi aiki a nan ba, allin da ke jikin bango ne shaida.

Nawa za a samu? Wani masani ɗan ƙasar Kuroshiya, Goran Markovic, ya tattara bincike da dama a 2007, ya ga irin wannan horon yana ƙara tsalle da kamar kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Ga mai santimita 50, ƙarin bai kai 5 ba ke nan a zango ɗaya na horo. Idan an haɗa da ƙarfi da gyaran taku, sabon shiga yakan samu fiye da haka. To ka auna wannan da mai tallan santimita 30 a mako biyu, ka riƙe kuɗinka ka sayi ƙwai.

Mataki na uku, taku. Wannan shi ne wanda yake ba da riba da wuri, don ba tsoka yake jira ba, koyo ne.

Masu donk iri biyu ne. Akwai masu tashi da ƙafa ɗaya cikin gudu, irin Zach LaVine, ko Jordan lokacin da ya taso daga layin bugun fanareti na kwando a gasar 1988. Akwai masu tattara ƙafa biyu su fashe sama, irin Dominique Wilkins. Ka gwada duka biyun ka auna, wanda ya fi ba ka tsayi ka fi ba shi lokaci.

Kowanne ka zaɓa, sirrin yana takun biyun ƙarshe. Ka faro a hankali kana ƙara sauri, ya zama inda ka fi gudu shi ne dab da tashi. Da yawa sukan taho a guje tun daga tsakiyar fili, su zo gindin kwando su taka birki, duk gudun ya tafi a banza. Taku uku zuwa biyar ya wadatar. Na kusa da ƙarshe ya zama dogo, shi ne yake saukar da ƙugunka ƙasa ba tare da ka sunkuya ba. Na ƙarshe kuma gajere mai sauri, ƙafa ta dasu a gabanka kamar turke, ta juya gudun da kake yi gaba ya koma sama. Ƙirji a ɗage, ido a kan kwando.

Sai hannu. Wurga hannuwa daga baya zuwa sama a daidai lokacin tashi yana ƙara kashi 10 cikin 100 ko fiye. Kyauta ce wannan, amma sai lokacin ya dace. Ka sa abokinka ya ɗauke ka bidiyo daga gefe, ka kalla a hankali, za ka ga abin da baki ba zai iya gaya maka ba.

Kuma kada ka jira sai ranar da ka isa sannan ka fara gwada donk. Ka fara da ƙwallon tanis. Ta shiga? Koma ƙwallon raga. Sannan ta kwando. Idan tafin hannunka bai iya damƙe ƙwallo ba, ka sa a jefa maka sama ka tare ta a can, don tashi hannu wofi ya fi ba da tsayi. Gargaɗi biyu a nan: cire zobe daga yatsa kafin ka je kusa da raga, kuma kada ka yi lilo a jikin ƙarfen kwandon unguwa. Ba ka san ƙarfin waldar ba, allon yana iya biyo ka.

Yanzu mu zo kan gwiwa, wadda ita ce dalilin da ya sa na ga dole a yi shirin nan.

Yawancin filayenmu siminti ne. Waɗanda kuke gani a bidiyo a kan katako mai taushi suke sauka, kuma suna da likitoci a gefe. Kai kuma siminti ne da takalmin gwanjo da ya riga ya cinye. Saboda haka atisayen tsalle ka kai shi kan ciyawa ko ƙasa mai laushi wadda ba ramuka, ka bar siminti don wasa da gwajin donk.

Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiya kuma a hankali take bi. Nan ne tarkon yake: bayan mako shida kana jin ƙarfi, sai ka ninka aiki, alhali jijiyar ba ta iso ba. Ciwon da ya fi kama masu tsalle yana fitowa ne daidai ƙasan ƙoƙon gwiwa, wurin da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya. Yana da yaudara, don idan jiki ya ɗumama sai ya lafa, ka yi wasanka, washegari ka kasa sauka daga matattakala ko ka ji shi a wajen sujada. Ga yara masu tasowa kuma akwai wani da ake kira Osgood-Schlatter, wani ƙulli mai zafi a saman ƙashin ƙwauri, yana zuwa lokacin da yaro yake cikin saurin tsawo.

Ƙa'idar ita ce ka duba washegari. Idan ciwon ya fi na jiya, aikin jiya ya yi yawa, ka rage tsalle, ka ci gaba da atisayen ƙarfi a hankali. Jingina da bango kamar kana zaune a kujera, sakan 30 zuwa 45, sau huɗu ko biyar, yana taimaka wa da yawa. Amma idan gwiwa ta kumbura, ko ka ji ƙara lokacin da ka sauka, ko tana sulluɓewa, ko ba ka iya taka ta, wannan ba na shafa man zafi ba ne. Asibiti za ka je.

Kuma don girman Allah, kada wanda ya sha tiramadol ko wata ƙwaya don ya danne ciwo ya yi wasa. Ba ta ƙara ko santimita ɗaya. Ƙararrawar da jiki yake kaɗa maka take kashewa, ɓarnar kuma tana ci gaba, ga jaraba ta biyo baya. Haka allurar ƙara tsoka da ake tallatawa a wasu wuraren ɗaga ƙarfe. Hausawa suka ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. A maganar gwiwa wannan ba karin magana ba ne kawai.

Abinci da barci a taƙaice. Ba a wajen atisaye jiki yake ƙaruwa ba, a wajen hutu ne. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, wanda yake kan waya har ƙarfe biyun dare ya san inda santimitocinsa suke tafiya. Abinci mai gina jiki kuwa, ana so mai horo ya samu kamar giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 65 wajen giram 100 ke nan. Ƙwai ɗaya yana da kamar 6. Ba sai ka sayi garin gwangwani mai tsada ba: wake, ƙosai, alala, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kindirmo, kifi, duk suna yi. Mai ƙiba ya rage a hankali, tsallensa zai ƙaru. Siriri kuma kada ya ce zai ƙi cin abinci don ya yi sauƙin tashi, injin zai rage. Lokacin zafi a yi da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa sosai. Da azumi a rage yawa, a mayar da mai nauyin bayan an sha ruwa.

Ga yadda mako zai kasance. Litinin: ɗumama jiki minti goma da sassarfa da motsa gaɓoɓi, sai tsalle, sannan ƙarfi. Kullum tsalle ne a gaba, tun jiki bai gaji ba. Talata: harbi da sarrafa ƙwallo, ba tsalle mai ƙarfi. Laraba: hutu. Alhamis: gajeren gudu, gwajin taku da donk kamar sau 10 zuwa 15, sai ƙarfi na ƙafa ɗaya. Juma'a: hutu. Asabar: wasa. Lahadi: hutu. A bar aƙalla kwana biyu tsakanin ranakun tsalle. Kuma wasa ma tsalle ne, idan kana buga wasa sau huɗu a mako, ka rage na atisaye. Duk mako na huɗu ka raba aikin biyu, a ƙarshensa ka koma bango da allinka. Sau ɗaya a wata ake awo, ba kullum ba. Ka yi haka wata uku kafin ka yanke hukunci.

Tambayoyi uku kafin mu rufe. Wata 'yar'uwa ta ce, mata fa? Horon ɗaya ne. Lisa Leslie ta yi donk na farko a gasar WNBA a 2002, wasu kuma sun biyo bayanta. Sai dai mata su ninka kula da darasin sauka, don tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi yawa a wajensu. Wani ya ce, ɗaura nauyi a idon sawu ana yawo da shi fa? Ba ya koya wa ƙafa sauri, yana dai canja maka taku. Ajiye shi. Wani kuma ya ce, tsalle yana ƙara tsawo? A'a. Tsawo gado ne da abinci da lafiya lokacin girma.

Na ƙarshe, kada donk ya sa ku manta da wasan. Maki biyu ne, daidai da wanda ya ajiye ƙwallo a hankali ta jikin allo. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, abin da ake tunawa da shi har yau takun ƙafarsa ne, kuma shi da kansa yakan danganta shi da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro. Ko ba ka taɓa yin donk ba, santimita 10 da ka ƙara za ta ba ka ƙwallayen da suka dawo daga kwando, ta ba ka tare harbi, ta ba ka saurin fita. Koci yana ganin wannan.

Aikin gida: a wannan makon kowa ya nemo alli da tef. Ka rubuto mana abu uku a ƙasan wannan rubutun, tsayinka, miƙonka, da tsallenka. Mu kuma za mu taya ka lissafin abin da ya rage, bayan wata uku mu sake haɗuwa a kan lambobin. Wanda ya san yana da aboki mai dirowa daga katanga, ya tura masa wannan tun gwiwar tana nan.

Mako mai zuwa insha Allahu za mu yi magana a kan targaɗen idon sawu, abin da ake yi a awannin farko da abin da ba a yi. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya tsare mana gaɓoɓinmu. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.